Arkawit a Baki, Kassala a Ƙafa

Shekarun baya, lokacin da na yi aure, na ɗora wa kaina wani nauyi da ba wanda ya aike ni: ina zan kai amaryata hutu. Iyayenmu a Mai Wurno, garinmu a nan Sudan, ba su san wannan ba. A ɗaura aure, a kai amarya, a ci a sha, bayan 'yan kwanaki ango ya saɓi fartanyarsa ya koma gona. Amma ni a lokacin ina koyarwa a wata makaranta a Sennar, kuma duk abokin aikina da ya yi aure sai ya dawo da hotunan shahar al-asal, wato hutun ango da amarya, yana nuna mana a wayarsa lokacin karin kumallo. Na ce wallahi ni ma ba za a bar ni a baya ba. Abin da zai ƙara ba ku dariya nan gaba shi ne, darasin da nake koyarwa jugrafiya ne.

Wurare biyu ne a gabana, duka duwatsu. Akwai duwatsun Taka na Kassala, waɗanda kowane ango a ƙasar nan yake mafarkin ɗaukar hoto a gindinsu. Akwai kuma Arkawit, can saman duwatsun da ke kusa da Bahar Maliya. Wani abokina na wurin aiki Arkawit ya je, kuma tun da ya dawo ya hana mu sakat. Ya ce wurin sanyi ne, gajimare yana saukowa har ka taɓa shi da hannu, ba hayaniya, ba wanda ya san ka. Wannan na ƙarshen shi ne ya shige ni.

Amaryata kuwa ba ta da wata magana sai Kassala. Tun tana yarinya take jin labarin rijiyar Totil da ke jikin dutsen, wadda ake cewa duk wanda ya sha ruwanta sai ya sake komawa garin. Tana son ta sha jabana a gindin dutse, kofin nan mai citta da ake kawowa da turaren wuta, tana son ta ga birai suna ƙwace wa mutane gyaɗa. Gaskiya ni ma zuciyata tana can. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a wuya, shi ne a Kassala yayar mahaifiyata take zaune.

Inna Babba muke ce mata. Ita ta raini mahaifiyata bayan rasuwar kakarmu, daga baya aure ya kai ta Kassala, ta zauna a unguwar mutanenmu da ke yamma da kogin Gash. Ni sau ɗaya na taɓa ganinta, ina ƙarami sosai. Ba ta samu zuwa bikina ba saboda ciwon gwiwa, amma ta aiko da turare da zannuwa. A al'adarmu kuwa ba a shiga garin da kake da dangi ka sauka a lokanda, wato otal. Kakanninmu da ƙafa suka taho daga yamma da niyyar aikin hajji, duk inda ƙarfin wani ya ƙare ya zauna ya yi gida, shi ya sa kusan kowane gari a kan hanyar gabas muna da ƙofar da za mu ƙwanƙwasa. Wanda ya wuce ƙofar ya je ya kwana a ɗakin haya, to ya zagi masu gidan ne ba tare da ya buɗe baki ba.

Na san abin da sauka gidan Inna Babba yake nufi, domin yayana ya riga ni gwadawa. Ya tafi da matarsa, suna isa aka raba su, ita cikin mata, shi ɗakin baƙi tare da samarin gidan. Kullum da safe a ɗauke shi gaisuwa, daga gidan wannan kawu zuwa gidan wancan, kowane gida sai ya ci abinci. Ya ce mini dutsen Taka ta saman katanga kawai ya gan shi, matarsa kuwa sai a cikin bas ranar dawowa suka samu yin hira. Ya dawo da tumbi da ciwon ƙafa.

Sai na zauna na yi abin da a lokacin na ɗauka basira ce. Na ce me zai hana mu tafi duka biyun, Arkawit a baki, Kassala a ƙafa? Mu gaya wa kowa Arkawit za mu, mu sulale Kassala, mu sauka a lokanda can cikin gari, mu sha iskarmu mu dawo. Da na gaya wa amaryata sai ta dubi lallen hannunta.

Ta ce, “Ni dai hankalina bai kwanta ba. In anka gane hwa?”

Na ce, “Wa zai gane? Kassala ba ƙauye ba ce. Ki bar mini komi.”

Ta ce, “To. Amma in ta ɓaci, kai kaɗai za ka yi bayani, ni amarya ce, ban da baki.”

Wanda ya yi nisa ba ya jin kira. Na je na sami mahaifiyata a tsakar gida tana tankaɗe, na ce mata mun yanke shawara, Arkawit za mu. Fuskarta ta ɗan canza, don tun kafin biki take sa rai Kassala za mu zaɓa. Amma nan take ta sake washewa.

Ta ce, “Ai ba komi. Hanyar can ba ta Kassala taka bi ba? Ku sauka ko wuni guda ne ku gaishe ta, ga ƙunshi nan na haɗa mata.”

Ta nuna mini wani ƙunshi a gefen gado: daddawa, busasshiyar kuɓewa, rabon Inna Babba na alawar biki, da wani sabon mayafi. Nan ne ya kamata in ji tsoron Allah in janye. A maimakon haka sai malamin jugrafiya ya motsa. Na yi mata bayani dalla-dalla cewa yanzu akwai wata hanya ta Khartoum da Atbara, ta fi sauri, ba ta ko kusantar Kassala. Har da zana mata taswira a ƙasa da tsinke. Ta saurare ni har na gama, ta ce, “To, kai ka san hanya.” Ta jawo ƙunshin ta kwance shi a hankali, ta mayar da daddawar cikin tukunya, ta ninke mayafin ta sa a akwati. Na ga hannunta lokacin da take ninkewa, na kawar da kai na fita.

Muka hau ƙaramar mota zuwa Sennar, daga nan Madani, muka kama babbar bas ta gabas. Da la'asar duwatsun suka fara bayyana daga nesa, manya, sumul, kamar an kifa tukwane an jera. Amaryata ta manne da taga tana ta ambaton Allah. Ni kuwa ina ta jin daɗin kaina, ina ganin duk faɗin Sudan ba mai wayona.

A tasha muka tari raksha, keken nan mai ƙafa uku. Direban magidanci ne mai ɗan furfura a gemu, ya ga lalle a hannuna ya ce, “Abshir ya aris, mabruk.” Barka da angonci yake yi mini, na amsa masa da Larabci, irin na 'yan birni, har ina ƙara masa gishiri, na faɗa masa sunan lokandar da za mu. To, mu da muka yi karatu ko aiki a garuruwan da Hausawa ba su da yawa muna da wata ɗabi'a. Larabci na kowa ne, Hausa kuma ta sirri ce. A kasuwar Madani sau nawa ni da abokaina muka yi gulmar mai shago a gabansa yana mana murmushi. Da wannan sabon na juya wurin amaryata a bayan raksha na buɗe baki.

Na ce, “Ki ja mayahinki ki ruhe huska. Mutanen Inna Babba sun cika garin ga, kada wani ya gan mu.”

Ta ce, “Wace unguwa take ma?”

Na ce yamma da Gash, na faɗi sunan marigayi mijinta da sana'arsa, na ƙara da cewa, “Can ne ba za mu taka ba ko da wasa. In tas san muna nan, halas, hutu ya ƙare, sai yawon gaisuwa da cin tuwo.”

Ban tsaya nan ba. Na ba ta labarin yadda na zana wa mahaifiyata taswira, ina dariya. Direban bai ko waiwayo ba. Ya sauke mu a ƙofar lokanda, ya taya mu sauke jaka, ya sake cewa mabruk da Larabci, ya ja abinsa.

Kwanakin da suka biyo baya, in faɗi gaskiya, rabin daɗi ne rabin fargaba. Mun hau Totil, mun sha ruwan rijiyar, mun sha jabana, biri ya ƙwace wa amaryata ƙullin gyaɗa ta yi dariya har da hawaye. Amma duk inda na ji Hausa sai gabana ya faɗi, kuma a Kassala ko'ina Hausa ake yi: mai gasa nama, mai sayar da lemo, tsofaffin mata masu tallar gyaɗa a gindin dutse. Wata tsohuwa ta kalli amaryata ta ce, “Yarinya, ke ba tamu ba ce?” Kafin ta amsa na tare da Larabci na ce ba mu gane abin da take faɗi ba. Hotuna kuwa na hana a ɗauka inda dutsen zai fito, don kowa ya san siffar Taka. Ka ji ango, ya zo har gindin dutse yana neman bangon da zai jingina ya yi hoto. Da yamma in mahaifiyata ta kira sai in ce mata sanyi ya dame mu, alhali gumi nake sharcewa.

Wata safiya da hantsi, muna shirin fita, mai lokanda ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce wata Hajja tana jiranmu a ƙasa. Na ce ba mu ba ne, ba mu san kowa ba a garin nan. Ya ce ai ango da amaryar Mai Wurno ta ce, kuma mu kaɗai ne. Amaryata ta gyara mayafinta ta ce, “Bismilla, malam, wuce gaba.”

Tana zaune a kan kujerar roba kusa da ƙofa, sanda a jingine da gwiwarta, a gabanta babban tire an rufe da faifai. Ban buƙaci a gaya mini ko wace ce ba. Fuskar mahaifiyata ce sak, an ƙara mata shekaru. A bayanta kuma, ya harɗe hannu yana kallon silin, direban raksha ne.

Na durƙusa. Bakina ya kasa haɗa gaisuwa, na fara da Larabci na koma Hausa na sake komawa. Ta bar ni na gama dabur-dabur ɗina, sannan ta kama hannun amaryata ta zaunar da ita kusa da ita, ta shafa kanta, ta yi mata addu'a mai tsawo. Sai ta juyo gare ni.

Ta ce, “Ɗana, an ce mini Arkawit ta taso ta dawo kusa da mu. Nac ce bari in lallaɓa in gan ta da idona tun ina da rai.”

Direban ya yi tari don ya ɓoye dariya. Ta nuna shi da sanda ta ce, “Wanga mijin ɗiyata ne, yayanka ke nan. Tun ranar da kunka sauka yaz zo ya ba ni labari, har da na taswira. Nac ce a ƙyale shi, yaro ne, zai huta ya zo da ƙahwatai. Kullum sai in sa a ƙara hannu a tukunya. Da nig ga shiru, nac ce to, tunda dutse ya iya tasowa daga wurinsa, ni mi zai hana ni?”

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe. Tsohuwar da ciwon gwiwa ya hana ta zuwa bikina, ita ce ta hau raksha ta ƙetare gada da tiren abinci a cinya, ta zo gaishe ni a ɗakin haya. Mutanen da ke zaune a wurin ba su jin abin da ake faɗi, amma duk sun gane ana wanke wani ne ba sabulu.

Ba ta ce mu tattara kaya ba. Amaryata ce ta tashi ta hau sama ta haɗa jakunkunan, ni kuma na bi ta kamar raƙumi da akala. Muka shiga rakshar nan dai, wannan karon ba wanda ya yi gulma.

Da muka isa gidan sai aka wuce da mu ta gefe, ba ta babbar ƙofa ba. Wani ɗaki ne a ƙarshen gidan, an yi masa sabon farin fenti, da ɗan tsakar gidansa da ƙofarsa ta waje. An shimfiɗa sabon zanin gado, an turara shi. In ka buɗe taga, dutsen Taka ne gaba ɗayansa a gabanka. Matar direban, 'yar Inna Babba, ita ta gaya wa amaryata cewa tun da aka sa ranar bikinmu tsohuwar ta sa aka fitar da buhunan da ke ciki aka gyara shi. Ƙorafin da yayana ya yi bayan ya koma gida ya iso kunnenta, ta ce ba za a sake yi wa wani ɗan ƙanwarta haka ba, 'ya'yan yanzu suna son a bar su su sake. Da mahaifiyata ta kira ta ce Arkawit muka zaɓa, sai tsohuwar ta ce Allah ya kai su lafiya, ta sa aka kulle ɗakin.

Duk wannan na iya haɗiye shi. Abin da ya tsaya mini shi ne maganar da muka yi bayan la'asar, ni da ita kaɗai a ƙarƙashin bishiyar lemo. Tana ɓare gyaɗa a faranti, don ita ce sana'arta tun tana da ƙarfi, da ita ta aurar da 'ya'yanta. Ba ta kalle ni ba ta yi tambayar.

Ta ce, “Gaya mini gaskiya, ba zan ji haushi ba. Kunyarmu kaka ji? Kai malami, mu masu tallar gyaɗa?”

Na rantse mata ba haka ba ne, na ce yawon gaisuwa kawai na guda. Ta gyaɗa kai ta ce ta yarda. Amma ni a cikina na tuna tsohuwar gindin dutse da na ce wa ba na jin Hausa, na rasa a wane ma'auni zan sa wannan. Yawon gaisuwa ba ya sa mutum ya musanta harshen uwarsa. Na sunkuyar da kai, hawaye suka zubo mini, ni da lallen angonci a hannu. Ta tura mini farantin ta ce, “Ci gyaɗa. Kuma ban gaya wa uwarka ba, wanga aikinka ne.”

A gabanta na kira. Na yi wa mahaifiyata bayani ina in'ina har na kai ƙarshe. Can ta ce, “Da ka bari na ba ka ƙunshin, da aƙalla ba ka shiga gidan hannu rabbana ba. Ba ni yayata.” Na miƙa wayar. Ban san abin da aka faɗa a can ba, na dai ga Inna Babba tana dariya har tana riƙe ciki, tana cewa, “Ai malamin jugrahiya ne, shi ya san inda duwatsu suke.”

Sauran hutun a ɗakin nan muka yi shi, kuma shi ne mafi daɗin kwanakin. Ba wanda ya dame mu. Abinci ya zo, a ajiye a bakin ƙofa. Gaisuwar dangi ni da kaina na roƙi direban ya zaga da ni, gida-gida, kuma a kowane gida sai an tambaye ni yaya sanyin Arkawit. Da muka koma Mai Wurno labari ya riga mu isa. Har yau in na yi wata magana da ba a yarda da ita ba a gidanmu, sai ƙannena su ce, “Ta Atbara ce ko ta Kassala?”

Na ɗauka labarin ya ƙare a nan, abin dariya a taron biki. Sai shekaru suka wuce, yaƙi ya iso yankinmu, muka fito da abin da hannu zai iya ɗauka, ni da matata da yaranmu da mahaifiyata. Ba wanda ya tambayi ina za mu. Ba taswira, ba shawara, ƙafa ta san hanya. Muka isa Kassala a galabaice, muka sami gidan cike da dangi daga ko'ina, har ƙarƙashin bishiyar lemo an yi shimfiɗa. Na tsaya a bakin ƙofa da jaka a hannu, ina tunanin ina za a sa mu, ina kuma tuna cewa wannan ce ƙofar da na taɓa biyan kuɗi don in kauce mata.

Inna Babba ta tsufa sosai, ba ta iya tashi. Aka kai mata ƙanwarta suka rungume juna suka yi kuka mai isarsu. Da ta share ido ta hango ni a tsaye, sai ta ɗaga murya ta kira 'yarta.

Ta ce, “Ɗauko mabuɗi ki buɗe musu ɗakin mutanen Arkawit. Na ce a bar shi, na san suna tahe.”

Ashe duk shekarun nan sunan ɗakin ke nan a gidan. Kowa ya yi dariya, har mahaifiyata da hawayenta bai bushe ba. Ni ma na yi, amma ban iya ɗaga kai ba.

Matata takan ce ruwan Totil ne ya mayar da mu, tunda mun sha. Ni na san ba ruwa ba ne. Wata tsohuwa ce da na yi wa rowar gaisuwa, ita kuma ta ƙi yi mini rowar ɗaki, sau biyu. Mun koma gida yanzu, alhamdu lillahi, kuma duk garin da aiki ya kai ni, kafin in nemi wurin kwana sai na tambayi mahaifiyata wa muke da shi a can. In tsohuwa mai talla ta yi mini Hausa, da Hausa nake amsawa, har in tsaya mu nemo inda kakanninmu suka haɗu. Kunyar dai ba ta tafi ba, ta zauna ne kawai ta yi ladabi, takan motsa duk lokacin da na zo babin duwatsun gabas a aji.

Arkawit kuwa, har yau ban taɓa zuwa ba. An ce akwai sanyi.